Bugu Uku Daga Ƙarƙashin Ƙasa

A zamanin da ƙasa ke buɗe baki da rana tsaka ta haɗiye wanda ta ga dama, an yi wani maginin rijiya a garin Tsamiyar Kura, sunansa Korau, wanda ya shekara bakwai bai sha ruwa da daɗin rai ba. Da ya kai ƙwarya bakinsa sai ya ji an buga daga ƙasanta sau uku: ƙwal, ƙwal, ƙwal. Ya sauya ƙwarya, ya sha da moɗa, ya sha da tafin hannu, duk ɗaya. Ba mai jin bugun sai shi, kuma bai taɓa kai kukansa wurin malami ko boka ba, don ya san mai bugawa.

Mai bugawa taubashinsa ne, Anaruwa, ɗan farin gwaggonsa Tasalla. Tare suka koyi sana'ar, ɗaya a ciki da dagi, ɗaya a sama da igiya da kwando, suna aiki suna zagin juna na wasa. Wata shekara ta fari suna ginin rijiyar gari, sun kai gaba goma sha huɗu, Anaruwa na ciki, sai ta rufta.

To, magina suna da al'ada. In rijiya ta rufta da mutum, abokin aikinsa zai kafa dagi a ƙasa ya ɗora kunne a kai, jama'a su yi tsit. In na cikin yana da rai zai buga dutse sau uku. Kuma wanda ya ji bugun, shi ne zai fara sauka. Maza arba'in ne a wurin ran nan, har da shi Korau. Ya kwanta rubda ciki, ya kafa dagi, ya ɗora kunne. Ya ji ƙwal, ƙwal, ƙwal, sarai kamar a cikin kansa. A daidai lokacin kuma ya ji ƙasar da ƙirjinsa ke kai tana tsagewa, tana zuba ciki. Ya tuna 'ya'yansa, ya tuna duhun ramin. Sai ya ɗago ya dubi mai gari, ya girgiza kai.

Mai gari ya yi salati, liman ya amsa, sauran suka ɗauka. Kafin la'asar an yi salla a bakin ramin, an cike shi ya zama kabari. Korau da hannunsa ya zuba ƙasa. Bayan haka kullum sai ya ce wa ransa, "Ai bugun zuciyata ne na ji. Gari guda ya ce nan take ya cika, ni wa zan ce a'a?"

Mutum ɗaya ce ta ƙi. Gwaggo Tasalla ta ce ba ta ga gawa ba, ba za ta zauna karɓar gaisuwa ba. Kowace rana sai ta dama fura ta kai kan tudun kabarin ta tsiyaye a ƙasa. Gari ya ce ta taɓu. Duk sanda ta haɗu da Korau sai ta tare shi, da yake ba ta faɗin sunan ɗan fari, ta ce, "Korau, dube ni. Ran da ka sa kunne don ɗan'uwanka, me ka ji?"

Shi kuwa ya dubi ƙasa ya ce, "Ban ji komai ba, Gwaggo."

A shekara ta bakwai tsufa ya kwantar da ita, sai ta yi kwana biyu ko uku ba ta iya fita. Wata safiya Korau ya ɗaga ƙwarya ya ji ƙwal, ƙwal. Ya jira na uku, shiru. Ashe bugun da yake roƙon Allah ya raba shi da shi, raguwarsa ta fi ba shi tsoro. Rana na take tsaka ya ɗauki dagi da igiya ya hau tudun. Sara uku ya yi, ƙasa ta buɗe ta haɗiye shi.

Ya yi ta faɗuwa har ya gaji da ihu, sannan ya sauka a kan laka mai laushi. Sararin wurin jan yumɓu ne, ga haske ba rana. Wani tsohon aljani na zaune a kan kifaffen guga, ba shi da ido, kunnuwansa kamar faifai.

Aljanin ya ce, "Sallama gare ka, ya kai ɗan Adam mai nauyin ƙafa. Ni ne Kakan Taɓo, mai tsaron ƙofa. Na san tafiyarka, don shekara bakwai kana zagaye wannan tudu ba ka taka shi. Me ka zo nema?"

Korau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan'uwana na zo ɗauka."

"Yana Birnin Baki Dubu, wurin Sarki Damƙau. Dokar ƙasar nan ita ce, abin da ya faɗo daga sama da rai a mayar da shi, abin da ya faɗo matacce namu ne, da ƙashinsa muke ƙara ganuwa. Bi gabas. Guzurin da zan ba ka magana ɗaya ce: a nan duk inda ka je za ka tarar da taro, kai kuwa kai kaɗai ne. Ka taɓa zama kai kaɗai?"

Korau ya tashi ya kama hanya.

Ya yi tafiyar da ba a auna ta da yini, sai ya iske wani kwazazzabo da ba a ganin ƙasansa. A bakinsa aljanu dubu, farare sol, marasa nauyi kamar audugar rimi, suna kai da komowa a kan iska daga wannan gaci zuwa wancan. Da suka gan shi sai suka yi caa: "Maraba da baƙo! Hau gada ka wuce!"

Korau ya ce, "Wace gada? Ni ban ga gada ba."

Suka tuntsire da dariya. Babbansu ya ce, "Ya kai ɗan Adam, gadar nan tun kakanninmu take. Ga mu mu dubu muna tafiya a kanta. Ido dubu biyu sun gani, naka biyu ba su gani ba. To wane ne makaho?"

Kunya ta kama Korau. Ya ƙura ido har ya fara ganin kamar da wani abu shimfiɗe. Ya ɗaga ƙafa. Amma hannun magini ya riga kansa tunani, don ba a taɓa ganin ya leƙa rami bai jefa tsakuwa ba. Ya ɗauki tsakuwa ya jefa daidai inda suka nuna. Ta ratsa ta tsakanin ƙafafunsu ta wuce ƙasa. Ya yi numfashi goma bai ji saukarta ba.

Suka ce, "Tsakuwarka ce mahaukaciya!"

Ya ce, "Mai yiwuwa. Amma nauyina irin nata ne, ba irin naku ba."

Ya kafa dagi, ya ɗaura igiya, ya sauka da baya, ya fizgo kayansa, ya sake kafawa, haka har ƙasa, aljanu na bin sa da sowa. A ƙasan ya taka ƙasusuwan mutane birjik, wasu da rawani, wasu da allo, duk waɗanda kunyar taro ta fi musu tsoron rami. Ya haura ɗaya gacin yana saran matakala da dagi, tafin hannunsa duk ya ɗaye.

Ƙishirwa ta kusa kashe shi sa'ad da ya iso wani tafki garau. Kewaye da shi wasu halittu ne zaune ɗaruruwa, busassu kamar kilishi, harsuna waje. Ya sunkuya zai sha suka yi kururuwa: "Dafi ne! Dafi ne! Kowa ya sani!"

Ya ce, "Wa ya sha ya mutu?"

Suka ce, "Wa zai sha, alhali kowa ya san dafi ne?"

Korau ya duba ya ga kwaɗi na iyo. Ya lakato lakar gefe ya ɗora a harshe kamar yadda yake yi wa sabuwar rijiya, ya ji ba ɗaci ba kanwa. Ya ɗebo da tafi ya sha. Yana miƙewa sai ya ji suna cewa, "Wayyo, ya mutu. Ku duba yadda ya mutu, har yana tafiya." Da wani lokaci ne da ya yi dariya. Amma sa'ad da ruwan ya taɓa leɓensa bugu ɗaya tak ya ji. Sai ya zuba da gudu.

Ganuwar Birnin Baki Dubu ta ƙashi ce, kowace ƙofa kuwa baki ce mai leɓe, duk abin da aka faɗa a ciki sai ta maimaita. Aka kai Korau fada. Sarki Damƙau na zaune, tsawonsa kamar giginya, fadawa sun cika fili. A tsakiya ga wani faffaɗan dutse, a kansa mutum kwance cikin likkafani, ya rame ƙwarai, gemunsa ya kai ciki. Daga rufin yumɓu wani farin abu na ɗiga cikin bakinsa, ɗigo ɗaya sai an daɗe. Korau ya shaƙi tsamin furar gwaggonsa. Ya ga yatsan mutumin ya ɗaga da kyar ya taɓa dutsen. Anaruwa ne.

Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, wannan mutum yana da rai. Na zo a ba ni shi bisa dokarku."

Sarki ya ce, "Matacce ne." Fadawa suka ce, "Matacce ne." Ƙofofi suka amsa, "Matacce ne."

"Ranka ya daɗe, dubi ƙirjinsa yana ɗagawa."

"Ya kai ɗan Adam, a nan ido ba ya shaida, baki ake ƙirgawa. Ba ku ne kuke cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi ba? Daga wurinku muka koya. Gawar ce dai mai taurin kai, ta ƙi ruɓewa, muna jiran ta." Sarki ya tafa hannu, aka shigo da goruna arba'in a toshe aka jera, aka ajiye wani ɗan ƙarami can gefe. "Duk maganar da aka yi a kan ƙasa tana tsiyayowa gare mu, mu adana. Ga baki arba'in sun ce ya mutu. Ga na tsohuwa ɗaya ta ce a'a. In ka ƙara naka kun zama biyu. Biyu ta rinjayi arba'in?"

Korau ya dubi gorunan. Ya san wata dabara ta magina: in ka ga rijiya goma a unguwa, kada ka ce ruwa goma ne sai ka zuba ƙaiƙayi a ta sama ka ga ko zai ɓullo a sauran, don sau da yawa idon ruwa ɗaya ke ba su duka. Ya kuma san inda wannan ƙaiƙayin zai ɓullo. Da ya yi shiru ya juya, ba wanda zai sani har abada. Yatsan Anaruwa ya sake ɗagawa, bai kai ga dutsen ba.

Korau ya ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙon a buɗe kowane gora a tambaye shi a ina ya ji."

Sarki ya sunkuyo har numfashinsa ya kaɗa rigar Korau. Ya ce, "Ba a taɓa roƙon wannan ba. Amma ka sani, in aka bi zare, wanda ya ƙare a kansa zai biya."

"Na sani."

Aka buɗe na fari, muryar wani mahauci ta fito: "Ni dai na ji ana salati na kama." Na biyu: "Maƙwabcina na ga ya cire hula." Na uku: "Ai ina daga baya, ban ma ga ramin ba." Kowane ya yi magana sai ya karkata ya juye abin da ke cikinsa a na kusa da shi, ya motse. Haka aka yi ta yi har aka zo kan liman: "Mai gari ne ya fara, na amsa." Mai gari ya ce, "Ni ina na iya jin ƙasa? Korau na duba, ya girgiza kai."

Saura gora ɗaya, ya kumbura kamar tulu. Sarki da kansa ya cire murfin. Ba murya a ciki. Sai ƙwal, ƙwal, ƙwal, da ƙarfin da ya girgiza ganuwa. Ƙofofin da ke maimaita komai suka yi gum.

Korau ya ce, "Nawa ne. Na ji shi sau uku. Na ji tsoron sauka, na girgiza kai. Arba'in ɗin nan ni kaɗai ne, ranka ya daɗe, kuma ƙarya na yi."

Goran ya fashe. Sarki ya daɗe yana kallon ɗan ƙaramin goran tsohuwa, sannan ya ce, "Ɗaya ya rage, ba mai ja da shi. Mutumin nan rayayye ne." Fadawa suka ce, "Rayayye ne, da ma mun faɗa!" Sarki ya daka musu tsawa, ya juyo kan Korau: "Kunnen da ya ji ya musanta, ba naka ba ne kuma. Kakan Taɓo zai karɓa a ƙofa. Kafin nan ka saurari abin da za ka saurara."

Aka kwance likkafani. Anaruwa ya buɗe ido, ya daɗe yana duban sa, ya ce da dasasshiyar murya, "Kai bawana, shekara nawa kana ƙulla igiya ɗaya? Da ma na ce kaka ta yi asarar jika."

Korau ya fashe da kuka ya ce, "Anaruwa, ni ne na..."

"Na sani. Ƙasa tana kai magana ƙasa kamar yadda take kai ta sama. Na ji kwanciyarka, na ji numfashinka a kan dagi, na ji tashinka. Na ji kuma kwandon ƙasa na farko, na san zubinka ne, don kai kaɗai ke karkata kwando hagu."

"To don me ka yi ta buga mini?"

"Wa zan buga wa? Kai kaɗai ke da kunne a garin." Ya yi tari. "Ɗauke ni. Maganar yafiya ka bar ta sai na ga tsohuwa. Ba ni kaɗai ka binne ba."

Korau ya goye shi ya ɗaure da igiya, bai fi nauyin damin kara ba. Ya wuce tafki, busassun nan suna cewa ga matattu biyu. Ya sauka kwazazzabo ya hau, fararen aljanu na yi masa dariyar ya ƙi gada. A ƙofa Kakan Taɓo ya lakato laka ya shafa masa a kunnuwa. Abu na ƙarshe da Korau ya ji a duniya shi ne Anaruwa daga bayansa yana cewa, "Yi a hankali, jakin banza, kada ka yar da ni karo na biyu." Daga nan shiru ya rufe shi, ƙasa ta tofo su a kan tudu da hantsi.

Mata masu zuwa ɗiban ruwa suka fara ganin su, suka yar da tuluna. Kafin wani lokaci gari ya taru daga nesa, ana nuna su da yatsa, wasu na tofa addu'a. Korau ba ya ji, amma ya ga bakuna duka suna motsi iri ɗaya, ya gane fatalwa suke cewa. Ya ratsa su da goyonsa, suna darewa, har ƙofar ɗakin Gwaggo Tasalla. An fito da ita tabarma tana shan hantsi, ga ƙwaryar fura ta dama ta kasa ɗauka.

Ya sauke Anaruwa a gabanta. Ba ta yi guɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta shafa fuskarsa, ta ja gemunsa, ta sa masa ƙwarya a baki. Sai da ya sha sannan ta ɗago ta dubi Korau, leɓenta ya motsa. Bai buƙaci kunne ba, tambayar shekara bakwai ce.

Ya juya yadda mai gari da liman da sauran za su ji, ya ɗaga muryar da shi kansa ba ya ji, ya ce, "Sau uku, Gwaggo. Na ji shi sau uku, na ce ban ji ba. Ku kuwa ba ku ji komai ba, kaina kuka duba."

Ya ga mai gari ya sunkuyar da kai, ya ga mutane na zamewa ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwa ta yi magana mai tsawo, hawaye na bin kumatunta, tana nuna shi tana nuna ɗanta tana nuna ƙasa. Ko tsinuwa ce ko yafiya, Korau bai sani ba, kuma bai taɓa samun ƙarfin zuciyar roƙon a kwatanta masa da hannu ba. Da ta gama sai ta tura ƙwaryar gabansa, da 'yar ragowar fura a ciki.

Ya ɗauka da hannu biyu, ya kai baki, ya tsaya yana jira. Ba bugu. Ya shanye.

An ce ya rayu shekaru da yawa bayan haka, shi ke ɗebo wa gidan ruwa har tsohuwar ta rasu. Kuma duk sanda zai sha sai ya ɗan dakata da ƙwarya a leɓe, don har ya koma ga Allah bai sani ba ko bugun ne ya daina, ko kuwa shi ne ba ya ji.